Dodon da Ke Riƙe da Ludayi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son fim ɗin ban tsoro. 'Yan ajinsu Darakta suke kiranta, har kanta ya fara kumbura.

Ranar Asabar da hantsi ta ari wayar yayanta. Ta ce yau ita ma fim za ta shirya. Sai dai ba ta da dodo. Can ta hango kyanwar Kaka, baƙa wuluk, tana barci a kan kujera.

"Yawwa, ga dodona!" in ji ta.

Ta kife kyanwar da kwandon wanki. Ta miƙa wa ƙaninta wayar ya ɗauki fim ɗin. Ita kuma ta yi ta buga ludayi a murfin tukunya, dab da kwandon. Da ta ɗaga kwandon, kyanwar ta gantsare, ta yi huci, ta bayyana haƙora. Daga nan ta haura katanga ta ɓace.

Kwana biyu kyanwa ba ta dawo ba. Kaka ta zauna bakin ƙofa da kwanon madara tana kira. Ko abincin kirki ba ta ci.

Baba ya ce, "Darakta, kawo fim ɗin nan mu gani. Amma kashe sautin."

Suka zauna suna kallo.

"Dubi kunnuwan kyanwar," in ji Baba. "Me kika gani?"

"Sun kwanta, Baba. Jikinta ma rawa yake yi."

"To wa ke jin tsoro a fim ɗin nan?"

"Kyanwar."

"Wa ke ba ta tsoro?"

A gefen hoton ga wata yarinya riƙe da ludayi, tana dariya. Darakta ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta.

"Ni ce dodon, Baba."

"Ɗan wasa ya san wasa yake yi," in ji Baba. "Ita ba wanda ya gaya mata. Da gaske ta tsorata."

Yarinyar ta ba Kaka haƙuri, ta karɓi kwanon madara. Ta bi layinsu gida-gida tana tambaya. Wani makanike ya nuna mata ƙarƙashin tsohuwar mota. Ga idanu biyu suna leƙowa.

Ba ta kai hannu ba. Ta ajiye kwanon, ta ja da baya, ta zauna a ƙasa. Ta daɗe tana jira, har ƙafarta ta yi tsami. A hankali kyanwar ta fito ta sha. Sannan ta goga kanta a gwiwar yarinyar.

Da suka shigo gida, Kaka ta rungume su duka biyu, ta ce, "Yanzu kam a zubo mini abinci."

Daga ranar yarinyar ta gane cewa dabba ma tana jin tsoro da zafi kamar mutum. Ba a mai da tsoronta abin wasa.