Kerkecin da Ya Rungumi Ilinca

Viorica na zaune a kicin tana naɗe nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, abincin da suke kira sarmale, na gobe Lahadi, sai maƙwabciyarta Smaranda ta faɗo ko ƙwanƙwasa ƙofa babu, waya a hannu.

"Viorica, zauna da kyau kada ki faɗi!"

"A zaune nake ai. Wa kuma ya mutu?"

"Mutuncin ɗanki! Jikata ce ta gano wannan a intanet — duba, ki gaya min ko wace ce."

Viorica ta goge hannu ta sa tabarau. Wata yarinya ce da shuɗin gashi har gadon baya, da farar riga mai fukafukai, idanunta ruwan zinariya. Duk da fentin, ta gane murmushin. Ilinca ce, matar Horia, ɗanta tilo. Ba shigar ce ta tsinka mata zuciya ba, don kowa a unguwar ya san Ilinca na ɗinka kayan 'yan katun tana sawa. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ƙaton da ya ɗauke ta cak a hannu, cikin baƙin sulke da kan kerkeci, ita kuwa ta kwantar da kai a ƙirjinsa kamar wadda ta iso gida.

"Wane ne wannan?"

"Ni za ki tambaya? Horia dai ba shi da wannan tsawon, balle kafaɗun. Bawan Allah yana can bakin tafki yana kamun kifi duk Asabar, ana nan ana cin amanarsa!"

Da Smaranda ta fita, Viorica ta kasa ci gaba da naɗin. Gaskiya ne, duk Asabar Horia kan ɗauki ƙugiyarsa da sassafe, ba a jimawa Ilinca ta sauko da ƙaton akwati ta hau tasi. Yau ma haka aka yi. Ta tashi ta hau bene, inda ma'auratan ke zaune tun bikinsu bara, ta tura ƙofar ɗakin ɗinkin Ilinca.

Warin gam ya doke ta. Kawunan roba jere a kan kanta, kowanne da gashinsa, ja da kore da ruwan hoda. Ga takubban soso, ga ƙahonni ana shanya musu fenti. A kan keken ɗinki kuwa wata baƙar alkyabba ce ta namiji, an yi mata aikin hannu da zaren azurfa, ɗinki ƙanana-ƙanana masu cin ido. Viorica ta shafa. Mace ba ta yi wa baƙo irin wannan aiki.

Washegari bayan coci suka zauna cin abinci su uku. Ta bari sai da Ilinca ta zuba wa mijinta, sannan ta ajiye wayar a tsakiyar tebur.

"Wane ne wannan, Ilinca?"

Cokali ya suɓuce wa yarinyar. "Mama, abokin wasana ne a dandamali. Kosfile ne kawai, labarin katun ɗin muke kwaikwayo — ita gimbiyar iska ce, shi kuma mai tsaronta."

"Mai tsaro! Ba shi da suna? Ba shi da fuska?"

Ilinca ta dubi Horia. Horia, babban likitan haƙori da mutane ke bin layi a ƙofarsa a Brașov, ya ƙura wa kabejinsa ido kamar a ciki aka rubuta amsar.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba, Mama."

"Ka ji ko? Ta yi wa ƙato alkawari! Kai kuma ka zauna kamar an dasa ka!"

"Mama, don Allah ki bar maganar. Na yarda da matata."

"Ka yarda da ita? An shanye ka dai! Ni ban haifi sakarai ba. Ke kuma, daga yau kada ki ƙara kira na Mama."

Hawaye suka zubo wa Ilinca. Ta sake duban mijinta, kallo mai tsawo, sannan ta kwashe kwanuka ta tafi wanke-wanke.

Makonni suka wuce gidan ba daɗi. Viorica ta zama mai gadi. In wayar Ilinca ta yi ƙara, kunnenta na jikin bango. In ɗan aike ya kawo kaya, sai ta girgiza kwalin ta shinshina. Miyar da Ilinca ta sauko mata da ita kuwa, kyanwa ke sha. Abin da ya fi ɗaure mata kai, yarinyar ba ta fasa komai ba. Kullum sai ta gaishe ta, ta karɓo mata maganin hawan jini, ranar da ƙafarta ta kumbura ma ta durƙusa ta shafa mata man zafi. Viorica ta ce a ranta, mai laifi ne ke yawan ladabi. Wani yammaci ta jiyo su a sama, Ilinca na cewa: "Har yaushe, Horia? Ni ake zagi a kasuwa, ba kai ba!" Ta kasa kunne ta ji amsarsa, sai ta ji ƙarar rufe taga.

Da Smaranda ta kawo labarin za a yi babbar gasar kosfile a zauren wasanni ranar Asabar, Viorica ta ce rana dubu ta ɓarawo. Horia ya fita da ƙugiyarsa, Ilinca ta bi da akwatinta, ita kuma ta ɗaura kallabi ta ɗauki lema ta hau bas.

A bakin zauren ta yi alamar gicciye. Jama'a maƙil, masu ƙaho, masu wutsiya, masu kunnen zomo. Wata budurwa mai koriyar fuska ta tare ta.

"Kai, Tanti, shigarki ta yi! Kakar wane katun ce? Mu yi selfi mana!"

"Kauce min, 'yar nema!"

Ta kutsa har gaba daidai lokacin da aka kira gimbiyar iska da mai tsaronta. Kiɗa ya tashi. Ilinca ta fito tana juyi, fukafukan nan suka buɗe da kansu, zauren ya ɗauki ihu. Kerkecin ya yi yaƙi da takobi, ya durƙusa, ya ɗauke ta ya ɗaga sama. Viorica ta ji wani abu kamar sha'awa na neman kama ta, ta yi maza ta haɗiye shi. Suna sauka ta bi su bayan labule.

Ta same su riƙe da hannun juna. Ba ta yi wata-wata ba ta ɗaga lema ta sauke wa kerkecin a kafaɗa. Tim! Soso ya lotsa.

"Ɗan iska! Matar ɗana ce! Buɗe fuskarka in kai namiji ne!"

"Mama, tsaya!" in ji Ilinca, ta shiga tsakani, bugu na biyu ya same ta a hannu.

Nan kerkecin ya kama kansa da hannu biyu ya cire. Gashi jiƙe da gumi, fuska ja wur. Horia ne, tsaye a kan takalma masu tudu kamar tsawon tafin hannu.

Lemar ta faɗi.

"Horia? To... kifin da kake kawo min fa?"

"Na kanti ne, Mama."

"Me ya sa? Me ya sa ka bar ni ina cin mutuncin 'yar mutane?"

Ya sunkuyar da kai. "Ina ɗan shekara goma sha uku na yi hular sulke da kwali. Kika jefa ta a murhu gaban abokaina, kika ce ɗa namiji ba ya wasan 'yar tsana, kada ki sake gani. Tun ranar nake ɓoyewa. A irin wannan taron na haɗu da Ilinca. Ni na sa ta rantse. Kullum ina cewa gobe zan gaya miki, in na ga fuskarki sai bakina ya mutu." Ya juya ga matarsa, ya durƙusa da gaske, sulken na ƙara. "Na ga ana yanka ki na yi shiru. Ki yafe min."

Ilinca na murza hannunta ta ce, "Zan yafe, amma ba yau ba. Yau ka ɗauki akwatunan duka, kuma da wannan shigar za ka ratsa unguwa, fuska a buɗe, Tanti Smaranda ta gan ka."

Viorica ta kama hannun da ta buga, ta ga shatin lema, sai kuka ya ƙwace mata.

"Da kin faɗa min tun ranar, da kin huta."

"Alkawari ne, Mama — au, yi haƙuri, kin hana ni."

"Faɗi! Sake faɗi, 'yata!"

Suna rungume da juna aka kira gimbiyar iska da mai tsaronta a lasifika: sun zo na biyu. Viorica ta share hawaye ta ce alƙalan nan makafi ne, ta nemi a nuna mata inda suke zaune, da ƙyar Horia ya riƙe ta.

Haka Ilinca ta samu uwa a gidan miji, Horia kuma ya daina sayen kifi. Zato zunubi ne, yakan sa uwa ta ɗaga sanda a kan ɗan da ta haifa ba ta sani ba. Namijin da ya ɓuya bayan matarsa don tsoron faɗan gida kuwa, ita yake miƙa wa wuƙa. Wadda ta riƙe amana ta yi haƙuri, ko an daɗe ana yi mata kallon mai laifi, da bakin masu zarginta za a wanke ta.