Sarƙar Mama a Kan Baƙin Dutse

"Wannan ba sarƙata ba ce!"

Mama ce ta faɗa, ta ɗaga sarƙar a hasken taga. Amarya tana durƙushe da farantin shayi, ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Jiya Mama, uwar mijinta, ta ara mata sarƙar zuwa bikin ƙawarta, sarƙar gwal ɗin da marigayi Baba ya ba Mama, wadda take naɗewa cikin auduga shekara talatin. Yau ga wani gefe ya ɗaye, ja-ja yana leƙowa.

Yaya Rediyo, babbar 'yar gidan, wadda ba a taɓa samun maɓallin kashe ta ba, ta tafa hannu. "Ahaf! Ni dai na faɗa! An kai orijinal gidansu, an dawo mana da jabu. Sum-sum kamar ta Allah, ashe gwanar canji ce!"

"Wallahi Yaya, turare kawai na fesa..." in ji amarya.

"Tu-ra-re ka-wai na fe-sa!" Rediyo ta maimaita da siririyar murya, har da langaɓe kai.

Amarya ta juya ga mijinta. Auta, wanda ya yi shekara biyu yana tsayuwa a ƙofar gidansu yana rantsuwa ko duniya ta taru ba zai saki hannunta ba, yana latsa waya.

"Ka ce wani abu mana," ta ce a hankali.

Ya sosa ƙeya. "Bebi, ba wai ina zarginki ba ne fa... amma a je a gwada. In kina da gaskiya ai shi ke nan."

In. Wannan 'yar kalmar ta fi duk ihun Rediyo zafi. Mama ta yanke hukunci: in ta tabbata jabu ce, yau amarya za ta kwana gidan ubanta.

Suka ɗunguma zuwa shagon maƙerin zinare. Ƙarami ne, daga teburi sai ma'auni da 'yan kwalabe. Maƙerin, wani tsoho, ya goga sarƙar a kan wani baƙin dutse, ta bar layi. Ya goga wani ɗan gwal nasa a gefe, ya ɗiga wa layukan biyu ruwan asid. Nasa ya tsaya yana ƙyalli. Na sarƙar ya yi kumfa, ya ɓace.

"Tagulla ce aka yi wa wanka da ruwan gwal," ya ce.

"Alhamdulillahi!" Rediyo ta daka tsalle. "Sai a tattara komatsai!"

Auta ya ja baya taku ɗaya. Taku ɗaya tak, amma amarya ta gani. Hawayenta suka zubo.

Tsohon bai miƙo sarƙar ba. Ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya daɗe yana duban ƙugiyarta, sannan ya dubi Mama.

"Baiwar Allah, mijinki ba wani dogo ba ne mai gyara agogo?"

"Shi ne. Allah ya ji ƙansa."

"Amin. To wannan liƙin hannuna ne, ga 'yar alamata. Shekara ashirin ke nan ƙugiyar ta karye ya kawo mini. Na ce masa ba gwal ba ce. Ya ce ya sani, ita ƙarfinsa ya kai lokacin aurenku, kuma murnar da kika yi ta hana shi faɗa miki. Ya roƙe ni in rufe baki. Na rufe. Amma ba zan rufe a kori yarinyar mutane ba. Sarƙarki ce, ba wanda ya canza ta. Turare ne ya ci wankan."

A karo na farko a tarihi, Rediyo ta ɗauke wuta.

Mama ta zauna daɓas a kan benci. "Shekara talatin," take ta faɗa, "shekara talatin ina hana mutane taɓa tagulla." Babu wanda ya motsa cikin 'ya'yanta. Amarya ce ta durƙusa, ta ɗauki sarƙar, ta naɗe ta cikin audugarta, ta sa mata a tafin hannu.

"Mama, ki riƙe abinki. Baba ne ya ba ki."

Mama ta ƙanƙame hannun yarinyar ta fashe da kuka. "Yafe mini, 'yata. Ni na so in kore ki, ke kike share mini hawaye."

A bakin titi Auta ya matso yana murmushin yaƙe. "Sori mana, bebi. Ai dama na san ba za ki..."

"Ba ka sani ba," ta ce. "Da ka sani, da ba ka ja baya ba. Yau abu biyu aka goga a dutsen nan, kuma na ga layin da ya ɓace."

Ta koma gidan, Mama ta mai da ita 'yar ɗaki, Rediyo ta koyi rage murya. Shi kuwa Auta ya daɗe yana lallashi kafin ya sake jin dariyarta irin ta da.

Haƙurin amarya ya wanke ta ba tare da ta rama ko kalma ɗaya ba. Amma ku masu rantsuwar so, ku ji: ranar da dangi suka ɗiga muku asid, ku tsaya kusa da wadda kuka ce kuna so. Taku ɗaya baya ya isa ya nuna mata ƙarfen da ke ƙarƙashin wankanku.