Waƙar Naziru a Wayoyin Mutane

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, a makon farko na hutun makaranta, Baba Labbo ya bar 'yarsa Hussaina a shago. Shi kuma ya tafi sayen man janareta.

Shagon yana jikin gidansu a Jega, kusa da tasha. A da, kaset da faifan waƙa Baba yake sayarwa. Yanzu babu mai saye, kowa a waya yake jin waƙa. Dole ya mayar da shagon wurin cajin waya.

"Da can in mawaƙi ya yi waƙa, ta hannuna take biyowa," in ji Baba kullum. "Mutum ya saya, ni in samu, mawaƙi ya samu. Yanzu wai a shafa gilashi waƙa ta fito. Ni ban gane wanga ciniki ba."

Naziru, yayan Hussaina, mawaƙi ne. Ya daɗe yana dakon albasa a Aliero kafin ya samu abin shiga situdiyo. Waƙa ɗaya ya yi, a kan manoman albasa, ya ɗora ta a manhajar sauraron waƙa. Ya gaya wa Hussaina cewa kamfanin manhajar yana ƙirga duk wanda ya saurara. Da yawan masu saurare ake biyan mawaƙi. Amma masu sauraren nasa sun ƙi yawa. Naziru har ya daina fara'a.

Hussaina ta dubi wayoyin da ke jere a kan tebur. Da yawansu ba a kulle suke ba, kuma suna da manhajar. Sai dabara ta zo mata.

Ta ɗauki ɗaya, ta nemo waƙar Naziru. Ta sa ta yi ta maimaita kanta, ta kashe murya, ta kife wayar. Ta yi wa ta biyu haka. Ta yi wa ta uku. Kafin Baba ya dawo, tebur gaba ɗaya yana waƙa, babu mai ji.

Kullum haka ta riƙa yi. Idan ta hango mai waya tafe, sai ta yi maza ta rufe waƙar.

"Hussaina, zo ki gani!" in ji Naziru, yana nuna mata wayarsa. "Masu saurare sai ƙaruwa suke yi!"

Ta yi murmushi.

Amma a shago abin ya fara ɓaci. Ɗantsoho, direban da ke jigila tsakanin Jega da Maiyama, ya zo yana huci.

"Malam Labbo, mi anka yi ma wayata? Tun safe take nan, ko rabi ba ta cika ba. Data kuma ta ƙare, ban buɗe komi ba!"

"Janareta ne," in ji Baba.

Washegari Idris mahauci ya karɓi tasa, ya yi saurin sauya hannu saboda zafi. "Kai! Caji kake yi ko gashi? In gashi ne, ni ma na iya."

Baba ya kai janareta gyara. Ya sayo sababbin caja. Ya goge tebur, ya canza soket. Ƙorafi bai tsaya ba. Ya riƙa dafe kai yana cewa, "Kaset bai taɓa yi mini haka ba!"

Ranar Alhamis Hajiya Gudiya mai albasa ta dawo da wuri. Hussaina tana cikin gida tana shan ruwa. Hajiya ta ɗauki wayarta da kanta, ta ga abu yana motsi a fuskar wayar. Ta ƙara murya. Muryar Naziru ta cika shago.

"Ikon Allah! Wayata ta koyi waƙa ita kaɗai?"

Baba ya juya wayar da ke kusa da ta Hajiya. Waƙar ce. Ya juya wata. Ita ce dai. Ya juya duka, sannan ya juyo ya ga Hussaina a bakin ƙofa.

"Ke kika yi wannan?"

"Baba, taimakon Yaya nake yi."

"Da wayoyin mutane? Da datar mutane? Na zagi janareta, na zagi mai gyara, ashe ɓarnar tana cin tuwo a gidana!"

Bai rufe baki ba Naziru ya shigo, fuskarsa a murtuke.

"Baba, sun cire waƙata."

"Su wa?"

"Kamfanin. Sun ce wayoyi da yawa a wuri guda suna ta maimaita ta ba tsayawa. Wai sauraron bogi ne, wai ni na shirya. Ni da ban san komai ba!"

Baba ya nuna masa teburin, ya nuna masa Hussaina. Naziru ya dube ta ya daɗe. Sannan ya zauna a kan benci ya riƙe kai.

"Buhu nawa na ɗauka saboda waƙar nan, Hussaina?"

Ta fashe da kuka, ta ruga wurin Inna.

Inna ta bari sai da ta yi shiru, sannan ta ce, "Niyyarki mai kyau ce, ɗiyata. Amma wayoyin nan amana aka ba Babanki. Ba a taɓa kayan mutum sai da izininsa. Kuma ba a taimakon ɗan'uwa da ƙarya, don ƙaryar shi za ta cuta. Kin gani da idonki."

"To yaya zan yi, Inna?"

"Duk wanda kika taɓa wa waya, ki gaya masa, ki ba shi haƙuri."

Haka ta yi, ɗaya bayan ɗaya, kunya kamar ta nutse. Baba ya yi musu caji kyauta na mako guda, yana yi yana mita. Naziru ya aika wa kamfanin bayani, ya zauna jira. Kwana da kwanaki bai kula Hussaina ba.

Ana gab da komawa makaranta aka dawo da waƙar. An goge duk sauraron bogin, ta koma 'yan kaɗan ɗinta na farko. Naziru ya nuna wa Hussaina, ya ɗan ja mata kunne, ya ce ya yafe.

Da Ɗantsoho ya zo karɓar waya, ta gaishe shi ta ce, "Kawu, ko za ka saurari waƙar Yayana? In kana so."

"Wadda tac cinye mini data? To, bari in ji abin da nib biya."

Ya kunna da hannunsa. Ya tsaya har ta ƙare, yana gyaɗa kai.

"Ashe yaron ya iya! Shi ne kinka kashe mishi murya?"

Daga ranar ya riƙa sa ta a mota. Fasinjoji suka fara tambayar sunan mawaƙin, suna nema a wayoyinsu. Bayan an cire albasa, manoman Jiga Birni suka gayyaci Naziru ya yi musu waƙar a bikinsu. Ya tafi da Baba da Hussaina a motar Ɗantsoho.