Baƙon da Bandar Ya Kai Jarwal

Tsaraba ce ta fitar da Bandar daga gida ranar, rana na shirin faɗuwa. Leda ɗaya ce a kujerar gaba, cikinta cakulan da mayafin ulu mai kauri. Mayafin ulu, a Makka, a tsakiyar zafi! To, wanda bai saba fita ba, duk abin da ya gani a kasuwar mutane tsaraba ne. Matarsa Nora ta yi masa dariya tun a can Ostiriya, ya ce ai tsofaffi ba sa ƙin lulluɓi.

Goggo Kabira zai kai wa. Ba ita ta haife shi ba, amma ita ta goye shi. Daga Kano ta zo aikin hajji ta maƙale ba takarda, da mahaifiyarsa ta rasu sai aka bar shi a hannunta. Shi haifaffen nan ne, yana da shagon waya a Rusaifa da fasfon da ake buga wa biza. Ita kuwa har yau tana wani ɗaki a lungun Jarwal, tana sayar da hatsin tantabaru, in ta hango motar jami'ai ta naɗe tabarmarta. Tun da suka dawo daga Ostiriya yake cewa gobe zai je, gobe zai je, har cikin Nora ya fito sosai kafin goben ta zo.

A danjar farko ya ji warin. Warin kogi ne, na gansakuka da jiƙaƙƙen dutse. Ya kashe na'urar sanyi, amma motar ba ta daina sanyi ba. Ya san inda ya taɓa shaƙar wannan wari.

Garin Steyr ake ce masa, wani tsohon ƙaramin gari inda koguna biyu suka haɗu. Nora ce ta zaɓe shi, wai ta gaji da wuraren da duk Larabawa suke tururuwa. Sun sha hoto a dandalin garin, gaban gidaje masu tsinin rufi da suka girmi kakan kakansa. Wata yamma ta ce ta gaji, ya bar ta a otal ya fita shi kaɗai. Ya bi wata rufaffiyar matattakala da ta gangara bakin ruwa, daga nan hanya ta ɓace masa. A jikin wani bango ya ga layuka da shekaru, alamar inda ambaliya ta taɓa kaiwa, wasu sun fi kansa tsawo. A gindin bangon wani tsoho na zaune cikin doguwar kwat, ruwa na ɗiga daga bakinta.

Tsohon ya nuna masa hanya da haɓa. Suka ɗan taɓa hira. Sai daga baya Bandar ya lura bai iya tuna da wane harshe suka yi ta ba.

“Na daɗe a nan,” in ji tsohon. “Sanyi ya ishe ni.”

Ɗan Makka kuwa ba ya rabuwa da mutum bai gayyace shi ba. Haka suka taso suka ga ana yi, duk wanda ka haɗu da shi a duniya sai ka ce masa in ya zo ya neme ka. Bandar ya yi dariya ya ce, “Mu zafi har ya yi mana yawa. Ka zo Makka, gidana gidanka ne.”

“An ce ba a barin irina shiga garinku.”

“Bar wannan a hannuna, ni zan shigo da kai.”

“Ka faɗa da bakinka?”

“Wallahi,” in ji Bandar, ya ɗaga masa hannu ya haye sama. Kafin ya isa otal ya manta. Baki dai shi ke yanka wuya.

Danja ta ba da hannu, na baya suka dame shi da hon. Ya ja motar. Bai so duba madubi ba, amma idonsa ya je da kansa.

Tsohon na zaune a kujerar baya, hannayensa bisa gwiwa. Fatarsa ta yi fari ta kumbura kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ɗigon na sauka kan shimfiɗar motar, ɗis, ɗis.

Bandar ya kama Ayatul Kursiyyu. Tsohon ya jira shi cikin ladabi har ya kai ƙarshe.

“Ba kutse na yi ba,” ya ce a hankali. “Gayyata ta aka yi. Ina gidan?”

Numfashin Bandar ya fara fita da hayaƙi. Gilashi ya yi raɓa. A waje mutane na tafe suna share gumi, wani yana sayar da ruwan sanyi a bakin titi.

Gidan yana baya, tafiyar da ba ta kai a shanye kofin shayi ba. Nora na can kwance a falo, ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan filo. Ya tuna yadda take kama hannunsa ta ɗora a cikinta in ɗan ya motsa.

Tsohon ya shaƙi iska. “Akwai ɗumi a gidanka. Ɗumi biyu, ɗaya cikin ɗaya.”

Ga mahaɗa a gaba. In ya juya, gidansa a Rusaifa. In ya miƙe, Jarwal.

Kada wani ya ce ruɗewa ce ta ja shi. Bandar ya yi tunani, ya auna, ya gama aunawa. Ya miƙe.

“Can za mu,” ya ce. “Gidan da na tashi. Shi ne gidana na asali.”

Mota ba ta shiga lungun Goggo. Ya ajiye ta a bakin titi ana kiran sallar magariba, ya ɗauki ledar. Bai buɗe ƙofar baya ba, amma yana jin takun a bayansa, caɓ, caɓ, kamar takalmin da ya cika da ruwa. Ƙamshin suyar albasa da turaren wuta na fitowa daga tagogi. Kyanwowin da ke kan juji suka watse. Wata mata ta wuce shi ta ja mayafinta tana cewa, “A'uzu billahi, wannan iska daga ina?”

Goggo na alwala a bakin ƙofarta. Tana ganinsa ta saki butar.

“Lale, lale! Bandaru! Ahlan da mutanen Turai! Ashe kana tuna tsohuwa? Ya jikin Nora?”

“Alhamdu lillah, ya Goggo. Ga tsarabarki.”

Ta miƙo hannu, sai hannun ya tsaya. Idonta ya wuce kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallon bayansa. Sannan ta dawo da idon kan fuskarsa, irin kallon da take yi masa yana yaro in ya fasa abu ya ɓoye.

Bai iya ɗaga kai ba.

“Da baƙo ka zo,” ta ce ƙasa-ƙasa.

“Ni na ce ya zo, Goggo. Na rantse masa. Nora kuma...”

“Khalas, ya isa. Na gane.”

Da ta yi ihu, da ta zage shi, da ya ji sauƙi. Sai kawai ta ɗauki butarta, ta matsa gefe ta ɗaga labule.

“Baƙonka annabinka,” ta ce. “Tafaddal, shigo, bawan Allah. Ɗakin ƙarami ne, ka yi haƙuri da mu.”

Sanyi ya ratsa gefen Bandar ya wuce. Labulen ya jiƙe daga ƙasa zuwa sama. Fankar ɗakin ta tsaya.

Daga ciki aka ja dogon numfashi, irin na wanda ya samu wurin zama bayan doguwar tafiya.

Haƙoran Goggo suka fara haɗuwa. Ta karɓi ledar, ta zaro mayafin ulun ta yafa.

“Je ka, kada ka rasa jam'i.”

Ya ruga. Ya yi tuntuɓe da juji, ya tashi, ya ci gaba. Da ya shiga motar, zafi ya rufe shi kamar kullum, kujerar baya a bushe ƙayau. Ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Amma gaskiya ɗaya ce, a cikin kukan nan akwai murna, shi ma ya san da ita.

An ce baƙo raɓa ne. Wannan bai san da zancen ba.

Labarin Goggo ya riƙa zuwa wa Bandar ta bakin maƙwabcinta Abdulbaƙi, wani mai tura keken marasa lafiya a Harami. Ya ce ta daina fita talla, domin hatsinta tsiro yake yi a cikin buhu. Ya ce bangon ɗakinta na zubar da ruwa, tana kwana cikin bargo uku ana tsananin zafi. Asibiti kuwa ba ta zuwa, ina iƙama, takardar izinin zama, da za ta nuna? Malamai biyu sun zo yin ruƙiyya, ta tare su a ƙofa ta ce ba a korar baƙon ɗa.

“Ta ce in gaya maka baƙonka na lafiya,” in ji Abdulbaƙi, yana kallonsa da mamaki. “Wai ba ta bar shi ya rasa komai ba, kada ka ji kunya. Wane baƙo ne wannan, ya akhi? Ni ban ga kowa ba.”

Bandar ya ce tsufa ne kawai. Ya ba shi saƙon shinkafa da mai, shi kuwa bai ƙara taka Jarwal ba.

Nora ta haifi namiji, aka sa masa Rayyan. Ranar suna gida ya cika da dangi, aka ci nama aka watse. Nora ta sha tambayar ina Goggo, ya ce ba ta jin daɗi. Bayan magariba Nora ta shiga wanka ta bar masa jaririn, yana jijjiga shi a falo.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. A hankali, sau biyu.

Ya leƙa ta 'yar kafar ƙofa. Goggo ce. Ta rame har ƙasusuwan fuskarta sun fito, leɓunanta sun yi shuɗi. Da ƙafa ta zo tun daga Jarwal, ga ƙura a silifas ɗinta. A bayanta, inda fitilar bene ba ta kai ba, wani abu dogo na tsaye yana ɗiga.

Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya taɓa yatsun ƙafarsa.

“Bandaru,” ta ce da raɗa. “Na san kana nan. Kada ka buɗe, ɗana, ko na roƙe ka kada ka buɗe. Baƙon nan ba ya rabuwa da ni.”

Ya ƙara rungume jaririn.

“Ba shiga zan yi ba. Kukansa kawai nake so in ji, ko sau ɗaya, in koma.”

Jaririn ya motsa. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya ja iska.

A waje, ɗigon ya tsaya. Ana sauraro.

Bandar ya sa tafin hannunsa ya rufe bakin ɗansa, ya ja da baya har ƙuryar ɗaki, ya tura ƙofa da ƙafa.

Goggo Kabira ta tsaya a nan, kunnenta manne da ƙofar, har aka kira isha. Ba ta ji komai ba. Ta ce, “Allah Ya raya shi,” ta dafa bango ta fara sauka, takun mutum biyu na bin matattakalar.