Gangar da Ukasha Ya Ɗinke

A Hayyin Ashir, unguwar ɗalibai baƙi, Malam Ukasha, wanda ya gaji dukanci, ya ga yagaggiyar ganga a ɗakin maƙwabcinsa Aisen, ɗalibi daga arewacin Rasha. Saboda haƙƙin maƙwabtaka ya ɗinke ta.

Da Aisen ya gani sai ya ce, "Ya Shaikh, ta kakana ce, boka. Da gangan muka yage ta ranar mutuwarsa. Wanda ya gyara ta, shi zai gaje shi."

"A'uzu billahi! Ni da Alƙur'ani a ƙirjina?"

Bayan Isha, ana tsananin zafi, ruwan alwalar Ukasha ya daskare cikin buta. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe. Tsoho ne da rigar fata, ƙanƙara a gemunsa, ba ya numfashi. Ya miƙo masa sandar kiɗa, ya ce da Hausa, "Karɓi, ɗana."