Wayar Zarka

A garinmu na bakin tafki, a arewacin Alberta ta ƙasar Kanada, rana tana faɗuwa ƙarfe huɗu idan sanyi ya kama. A irin wannan lokaci ne, wata Talata, Ummu Nazih tana murza kwaɓin gurasa, wani abu ya daki gilashin tagar kicin ɗinta. Ta leƙa. Notin taya ne kwance a kan ƙanƙara, kuma babu sawun kowa a tsakar gidan. Na biyu ya faɗo a kan rufi. Na uku ta tsince shi a cikin kwanon gari, alhali ƙofa da taga duk a rufe suke.

Gidana yana kallon nasu shekara arba'in, don haka abin da zan faɗa na sani.

Mijinta Kamil ya rasu a lokacin kaka. Ya bar mata ɗansu Nazih, da jikarsu Lamis mai shekara goma sha shida, da babbar motar dizal mai ɗaukar gungume wadda ya raɗa wa suna Zarka. A nan duk mai hankali yana jona wa motarsa wayar lantarki kafin dare, don hitar cikin injin ta hana shi sandarewa. Kamil ya wuce nan. Idan ya jona wayar sai ya shimfiɗa tsohon kwat ɗinsa a kan bonet, ya dafa, ya ce, "Ku kwana lafiya." Mutumin da a cikin gida sai ya yini bai yi magana goma ba. Shekara talatin da ɗaya matarsa tana kallon wannan ta taga, hannunta cikin ruwan wanke-wanke.

Nazih ya gaji motar, ya gaji halin. Sai dai Zarka ta ƙi shi. Da safe ya murɗa makulli, ta yi gurnani, ta yi tari, farin hayaƙi ya fito, ta mutu. Sai rana ta take kafin ta tashi. Ya sa sababbin batura biyu. Ya cire filta ya duba ko man ya daskare kamar kitse, ya tarar ruwa-ruwa yake. Ya gwada fulogan ɗumama injin ɗaya bayan ɗaya, ya canza biyu. Ya bi bututun mai ko iska ta shiga. Hitar ma da ya jona ya kara kunne, ya ji tana shuu. Amma kowace asuba injin sanyi ƙalau.

"Ka ci abinci ko sai ta ba ka izini?" uwarsa ta ce.

"Mama, bar ni. Baba bai taɓa shan wannan wahalar ba."

"Babanka ai a can ya tare. Mu nan masu dafa masa shayi ne."

Sati guda bayan jifan, abin ya koma kan Lamis. Da safe ba ta tashi. Jikinta kamar ƙarfen waje, bargo uku ba ya ɗumama ta, sai tsakar rana ta buɗe ido. Likita ya auna bai ga komai ba. Da magariba kuma ta zauna a bakin gado tana wani tari mai nauyi daga can ƙasan ƙirji, sau uku, ta tsaya, sau uku. Duk wanda ya taɓa jin dizal ya ƙi tashi ya san wannan tarin. Kullum lokacin farkawarta yana ƙara ja baya. Ranar Juma'a sai la'asar.

Nazih ya ɗauko Shehi Mahfuz daga birni, tsoho mai ilimi wanda shi ma ya ja babbar mota kafin gemunsa ya yi fari. Bai fara shiga ɗakin yarinyar ba. Ya zagaya Zarka, ya tambayi kalar hayaƙi, ya tambayi abin da aka canza. Ya tsuguna a wurin soket ɗin jikin bango ya daɗe.

"Sau nawa kake jona wayar nan a rana?"

"Sau ɗaya, Shehi," in ji Nazih.

"To ƙanƙarar bakin soket ɗin ta ce ba haka ba."

Aka kira ni in riƙe yarinyar. Rana ta faɗi, gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai itacen murhu yana ƙara. Shehi ya fara karatu a hankali. Can Lamis ta miƙe zaune, idonta a rufe, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Sanyi nake ji."

"Wane ne kai?" in ji Shehi.

"Abokin tafiyar Kamil. A daji na shiga motarsa, ya sani, bai kore ni ba. Ya ba ni ɗumin injin, ni kuma na tsare masa hanya a kan tafki idan ya daskare. Yanzu an kashe mini wuta. Na nemi wuri mai ɗumi na samu."

"Ni nake jonawa da hannuna," in ji Nazih.

"Kai kana jonawa. Tambayi mai tashi bayan isha ta zare, ta mayar kafin asuba."

Babu wanda ya juya, amma kowa ya san inda take tsaye. Ummu Nazih ta gyara ɗankwalinta.

"Ni ce. Ta cinye mini miji, ba za ta cinye mini ɗa ba. So nake ya gaji ya sayar."

"Ke kike ƙorafi?" muryar ta ce. "Ni ya dace in yi. Daga nan har injin yankan katako, awa huɗu, zancenki yake yi mini. Wadfa ta ce, Wadfa ta dafa, Wadfa ta yi fushi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambayar sunana ba."

Wadfa sunanta ne na yanka, kuma tun da ta haifi Nazih ban ji wani ya kira ta da shi ba. Ta dafa bango.

Shehi ya ce, "Ka fita daga jikin yarinya. Ba ta zare maka komai ba."

"A bar mini ita zuwa bazara."

"Ko dare ɗaya ba za ka ƙara ba." Ya ɗaga murya da karatu har Lamis ta fara karkarwa a hannuna.

"Tsaya. To a mayar mini da wutata. Tsohuwar ce za ta jona da hannunta, ta yi mini sallamar da yake yi. Kwat ɗin kuma nawa ne."

"Wayar zan jona," Ummu Nazih ta ce. "Kwat kuwa ni na ɗinke aljihunsa sau tara. Ba ka samu."

Aka ja, aka ja, Shehi yana tsakani. Aka tsaya a kan bargon doki maimakon kwat, da sharaɗin idan ƙanƙarar tafki ta narke ya koma dajinsa. Ta fita cikin sanyin nan ba safar hannu, ta jona wayar, ta ɗauke kwat, ta jefa bargo. Lamis ta yi atishawa sau uku ta kwanta, na ji ɗumi yana dawowa tafin hannunta.

Da asuba murɗawa ɗaya Nazih ya yi, Zarka ta tashi. Kafin hayaƙin ya washe Lamis tana kicin tana neman gurasa da zaitun.

Har ƙarshen sanyin nan ina ganin Ummu Nazih ta tagata. Ƙarfe huɗu ta fito sanye da kwat ɗin Kamil, hannayensa sun rufe mata yatsu. Ta jona waya, ta ja ta ta tabbatar ta kama. Ba ta dafa bonet. Takan yi sallamar a gaggauce kamar mai haɗiyar magani, sannan ta ɗan tsaya, ta rage murya.

Wata rana iska ta kawo mini abin da take tambayar abokin tafiyar mijinta.

"Sai kuma me ya ce?"