Ruwan Taliyar Ilu

Hafizu, kashe wayar nan ko in kashe maka ita. Ku kuka ce in ba ku labarin teku, to ku matso.

Lokacin da nake Girka, aikin jirgin ruwa na yi, irin mai kwasar masu yawon hutu daga wannan tsibiri zuwa wancan. Yau nan, gobe can, ƙafa ba ta hutawa. A kicin muke ni da Ilu, wani ɗan Damagaram mai taurin kai kamar jakin gishiri.

Ran nan da magariba ya tace taliya, ya ɗauki tukunyar, ya nufi bayan jirgi, ya sheƙa tafasasshen ruwan a teku. Babu bisimilla. Na ce uwarsa ba ta gaya masa ba a zubar da ruwan zafi haka ba? Ya yi dariya, wai nan Turai ce, mutanen ɓoye ba su da biza.

Sai muka ji kuka, siriri, daga ƙasa. Ya ce tsuntsu ne.

Washegari a tsibiri na gaba, cikin Turawa masu tabarau da jakunkuna, wata mata ta shigo da goyo. Da zani ta ɗaure shi, irin ɗaurinmu. Ba wanda ya tambaye ta tikiti. Rana tana dukan ƙarfen jirgin, amma sawunta jiƙaƙƙe, ya ƙi bushewa. Na duba da kyau. Ciki take shigowa, amma yatsun sawun baya suke kallo, wajen teku.

Ta tsaya a ƙofar kicin. Muryarta kamar daga cikin randa.

"Wa ya ƙona mini ɗa?"

Da Hausa, wallahi.

Ilu ya ci gaba da yankan albasarsa. Kafin la'asar bororo ya feso masa a yatsu. Ta sauka a tsibirin, muka ce mun huta. Muna isa na gaba, ga ta tsaye a bakin gaɓa, ta riga mu. Duk inda muka tsaya tana nan, kuma duk tsayawa ƙunar tana hawa: wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa. Likitan jirgi ya shafa abin da zai shafa, a banza. Ilu ya daina barci, sai zagaye. Ƙunar ta doshi ƙirji.

Kun san ni da zuciya. Na tafi in zazzaga mata masifa, harshena ya naɗe. Na koma ɗaki, na zazzage jakata, sai ga man kaɗanyar da Inna ta cusa mini ina ta mita. Na danƙa wa Ilu, na ce ya je ya durƙusa kamar ɗan mutane.

Ya je, ina biye da shi. Ta kwance goyon. Bayan yaron duk ya saluɓe, jikinsa sanyi ƙalau kamar kifi. Ilu yana shafa masa man, yana ba da haƙuri.

Ta dube shi.

"Ruwa ma gidan wasu ne," ta ce. "A riƙa sallama."

Ta kama hannun nasa, ta saki. Da muka ɗago, sai jiƙaƙƙen sawu.

Hannun ya warke, amma har yau sanyi gare shi. Yana Damagaram yana sayar da shayi, da hannun yake gyara garwashi. Yaransa ba sa yarda ya shafa musu kai.

In Allah ya kai ku jirgi, kada magariba ta same ku a bayansa ku kaɗai.

Ke Rakiya, butar da kika sauke ɗin nan, ina za ki watsa ruwan? Buɗe baki ki faɗa, in ji da kunnena.